Yadda ake gano yoyon gas a fakin ɗin kwamfaresa mai fiston da gyara shi

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 maganar iskar gas ta CNG ta kankama, ga kuma aikin haƙar mai da gas na Kolmani a kan iyakar Bauchi da Gombe da aka ƙaddamar a Nuwamban 2022. Inda duk ake matse gas da wuya a rasa kwamfaresa mai fiston, don haka ya kamata matasanmu na Gombe masu koyon aikin su san inda ta fi yoyo: wurin da sandar fiston ke shiga silinda tana fita.

Fakin ne ke tsare wannan ƙofa. Jerin kofunan ƙarfe ne, kowane kofi da zobba masu gutsi-gutsi, siririn sifirin ya ɗaure su a jikin sandar, matsin gas kuma ya ƙara danne su. Ko sabo ne ba ya rufewa ruf. A lissafin hukumar kare muhalli ta Amurka, sabon fakin kan saki kusan sulusin kubik mita a awa, wanda ya cinye kuwa yana iya kaiwa kubik mita 25. Gas ɗin methane, wanda shi ne mafi yawan abin da ke cikin CNG, yana kamawa da wuta idan ya kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari a iska, saboda haka ba asarar kuɗi ce kaɗai ba.

Da farko ka auna, injin na aiki. Sa ma'aunin gudun gas a bututun da ke fitar da yoyon fakin zuwa waje, ka rubuta adadin, ka gwada shi da na lokacin da fakin yake sabo. Bututun da ya fi na sauran silindoji zafi alama ce. Kada ka dogara da hancinka, ba kowane gas ake sa wa wari ba.

Idan adadin ya haura, kashe injin, rufe bawul na shiga da na fita, ka sa musu kwado, makullin a aljihunka. Saki matsin gaba ɗaya, ka yi amfani da nitrojin ka kore ragowar gas, ka sa na'urar gano gas ka tabbatar babu saura kafin ka ɗora sifana a kan noti. Ko oga na tsaye a kanka yana cewa motoci sun yi layi, kada ka tsallake wannan.

Sai ka zare sandar, ka fito da kofunan, ka jera su a kan tsumma mai tsabta yadda ka same su. Tsofaffin zobban za su faɗa maka abin da ya faru. Wanda ya narke ko ya ƙone, mai ne bai isa ba ko sanyaya ta gaza. Karyayyen sifirin yakan nuna ruwa ya biyo gas, ko zoben farko mai karya ƙarfin matsi ya mutu. Zane-zane kuwa datti ne.

A nan ne yawancin masu gyara ke yin gaggawa, su zuba sababbin zobba su rufe. Tsaya ka duba sandar. Bi ta da farce, ka ji ko akwai karce. Auna kaurinta da maikuromita a wurare da dama a inda zobba ke gogawa, don takan sirance a tsakiya. Bayan ka mayar da ita, sa agogon awo ka juya injin da hannu, ka ga ko tana lilo sama da ƙasa fiye da abin da littafin kamfanin ya yarda. Sandar da ta karce ko ta lanƙwashe cinye sababbin zobba za ta yi tun ba a je ko'ina ba, kuɗinsu ya tafi a banza. A sake mata rufi ko a sauya ta. Fuskokin kofuna ma a goge su har su kwanta sumul, a sa sabon gasket a gindin fakin.

Wajen haɗawa, zoben da aka yanka a miƙe shi ke fuskantar silinda, mai yankan karkace yana bayansa. Bi alamomin da ke jikin gutsattsarin. Rufe zaren sandar, wato inda noti ke ɗauruwa, da hular kariya kafin ka tura ta, in ba haka ba zaren zai yage zobban tun ba su fara aiki ba. Idan lokacin hunturu ne, yi aikin a rufaffen wuri, ƙurar Gombe ba ta da kirki ga zobe. Ɗaure notuna a gicciye, daidai ƙarfin da littafi ya faɗa.

Kafin ka tada injin, tura mai da hannu har ya iso fakin. Bar shi ya ɗan yi gudu ba lodi, sannan ka ƙara matsi sannu a hankali, kana lura da zafi. Idan zobban sun zauna, sake aunawa ka rubuta, wannan ne adadin da za ka riƙa gwadawa da shi nan gaba. Dokar Amurka ta 2012 ta ce a sauya fakin bayan awa 26,000 na aiki ko wata 36, amma idan awonka ya nuna yoyo ya hau kafin nan, kada ka jira.