Kafin ka biya kuɗin gona: kurakuran da na gaji da gani

Kusan duk wata sai wani ya zo mini da kuka iri ɗaya. Ya tara kuɗinsa, ya sayi fili a bayan gari don ya yi gidan gona, ya zuba bulo da yashi, sannan ya fara tambayar abin da doka ta ce.

Kuskuren da ya fi cin mutane, kuma ni ma ya ci ni, shi ne rashin tambayar burtali. Da rani na ga gonar, shimfiɗaɗɗiya, kuɗinta bai kai na maƙwabta ba. Dillali ya ce mai ita ne matsi ya kama. A ranar na ba da kafin alƙalami, cikin wata guda na kafa turaku na ja waya. Da kaka ta yi sai ga garken shanu sun yi cirko-cirko a bakin wayata, ashe hanyarsu ce ta zuwa mashaya tun kaka da kakanni. Dagaci ya zo da dattawa, suka ture ciyawa da sanda, ga tsohuwar alamar iyaka nan a binne. Kusan sulusin gonar ya tafi, kuma da hannuna na kwance wayar, domin gaskiyarsu ce. Tun 1965 Arewa take da dokar keɓe wuraren kiwo. Yanzu ba na biyan ko sisi sai na zauna da arɗon yankin, shi ya san inda shanu ke bi, ba dillali ba.

Sai masu rungume takardar mai unguwa kamar ita ce komai. Haba jama'a! Shaidar ciniki ce kawai. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, a karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin mallaka na gargajiya. Kuma abin da kake kira ƙauye yau, wataƙila tuni an saka shi cikin taswirar birni. Ka taka da ƙafarka zuwa hukumar da ke ajiye bayanan filaye, wato KANGIS in a Kano kake, ko KADGIS a Kaduna, a duba maka. In ginin ya faɗa hurumin hukumar tsara birane, wato KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna, nemi izini kafin ka haƙa harsashi, kada ka wayi gari ka ga jan fenti a katangarka.

Mai niyyar kiwo a Binuwai ya sani, tun 2017 an hana kiwon sake a can.

Gonar gado kuwa, in ba duk magada suka sa hannu ba, har mata, na haƙura da ita. Ƙarƙashin babbar wayar lantarki ba a gini. Fili mai araha a fadama, ka bari sai watan Agusta ka je ka gan shi.