Kurakuran da ake tafkawa wajen jona wakilin AI da alƙaluman haraji

Tun da kamfanin Anthropic ya fito da tsarin MCP, wato hanyar haɗa AI da wasu manhajoji, a watan Nuwamban 2024, jona wakilin AI (AI ɗin da ake ba umarni ya gudanar da aiki da kansa) da rumbun bayanai ya zama abin da ko ɗan koyo zai gama kafin la'asar. Matasanmu a Abuja sun rungumi abin hannu biyu. Ana haɗa wakilin da manhajar da ke ɗauko alƙaluman kuɗin shiga daga takardun haraji, sai a tambaye shi inda masu hali suke zaune, don a san inda ya dace a buɗe kantin magani ko makaranta mai zaman kanta. Aiki ne mai amfani, ni ma da shi nake cin abinci. Amma wallahi na gaji da gyara ɓarna iri ɗaya.

Na farko, kuma wanda ya fi ƙona min rai, shi ne rashin duba ƙasar da alƙaluman suka fito. Da yawa daga cikin waɗannan manhajoji a kan bayanan IRS, hukumar harajin Amurka, aka gina su. Ita tana wallafa kuɗin shiga bisa lambar gidan waya mai lamba biyar, ta kasa masu biyan haraji gida shida, daga waɗanda ba su kai dala 25,000 a shekara ba har zuwa masu dala 200,000 ko fiye. Namu lambobin gidan waya shida ne, na Abuja kuma da 900 suke farawa.

Wani mai son buɗe kanti ya ba mu aiki, yaron da ke ƙarƙashina ya shigar da 900001, lambar Garki. Wakilin ya ga manhajar ba ta karɓar lamba shida, bai ce uffan ba, ya yanke ta zuwa 90001, wadda lambar wata unguwa ce a birnin Los Angeles. Ya ɗauko alƙaluman can, ya juya dala zuwa naira, ya rubuta rahoto tsaf da teburi da zane. Rahoton ya kai hannun mai aikin, akawunsa ya gano, muka mayar da kuɗin, bai kuma sake kiranmu ba. Da na tambayi yaron, sai ya ce, “Yaya, ai amsar ta fito babu alamar kuskure.” To ina alamar za ta fito? Wakilin an gina shi ne ya kammala aiki, in hanya ta toshe sai ya nemi ɓarauniya. Kai da ka san Garki, ka ga an rubuta maka kuɗin shigar da ba ka taɓa jin labarinsa ba, kuma ba ka tsaya ba? Haba!

Daga ranar, ba na barin wakili ya taɓa manhaja sai na kira ta da hannuna na karanta ɗanyar amsar da take bayarwa. Ina rubuta masa a cikin umarni cewa duk adadin da zai kawo ya zo da sunan wuri, shekara da nau'in kuɗi kamar yadda manhajar ta turo, in kuma babu ya ce babu. Sannan in gwada shi da sunan unguwar da na ƙirƙira. In ya kawo min alƙaluma a kanta, na san ba abin dogaro ba ne.

Na biyu ya fi zurfi, har manya na faɗawa ciki: ɗaukar abin da ofishin haraji ya gani a matsayin abin da mutane ke samu. A Najeriya jihohi ne ke karɓar harajin kuɗin shiga na ɗaiɗaikun mutane, a nan Abuja kuma hukumar harajin babban birnin tarayya, FCT-IRS, kuma doka ta ce inda mutum yake zaune can harajinsa zai je. Ma'aikacin da ke fitowa daga Mararaba ko Masaka kullum da asuba, nasa na Nasarawa ne. Na Suleja da Madalla na Neja ne. 'Yan sanda kuwa hukumar tarayya ke karɓar nasu. Ga shi kuma harajin albashi ma'aikata ce ke cirewa ta tura, don haka in an jera bayanan bisa adireshin ofis, sai ka ga kamar duk kuɗin garin yana kwana a tsakiyar birni ne.

Wannan ma masu albashi ke nan. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa, NBS, ta nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a ƙasar nan sana'ar da ba ta cikin tsarin hukuma suke yi. Ka je Dei-Dei ka ga alhajin da ke sauke tirelar siminti yana zaune a kan benci da waya biyu a hannu, ko dillalin shanu, ko mai kayan gwari a Zuba. Nawa ne daga cikin cinikinsu ya shiga takardar haraji yadda yake? Sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a Janairun 2026 ta kuma cire naira 800,000 na farko a shekara daga haraji, saboda haka manhajar da ke ƙidaya harajin da aka biya za ta ƙara rasa ƙananan ma'aikata. Duk da haka sai in ga matashi ya rubuta wai unguwa kaza “ba ta da masu saye”, bai taɓa taka ta ba. Ku ji tsoron Allah, da irin wannan rahoto ake hana unguwa reshen banki ko asibiti.

Ni dai ina gwama duk wani adadi da binciken yanayin rayuwa na NBS na 2018/19, wanda abin da gidaje ke kashewa ya auna, ko da yake a matakin jiha ya tsaya. Sai in kira dillalan gidaje in ji kuɗin haya, in kuma je in zaga da ƙafata ranar kasuwa.

Sauran ƙanana ne. Kada ka karɓi matsakaicin adadi shi kaɗai, ka nemi rabe-raben, domin Maitama da Karmo duk a ƙaramar hukumar AMAC suke. Duba shekara: bayanan haraji kan makara da shekara biyu ko uku, kuma albashin da aka rubuta kafin a saki darajar naira a Yunin 2023, ko kafin mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a 2024, ba na yau ba ne. A fayil ɗin IRS kuɗaɗen da dubbai ake rubuta su, wakili na iya manta ƙara sifiri uku. Takardar haraji ɗaya ba mutum ɗaya ba ce, a can miji da mata kan cike tare. Gurbin da ba komai a ciki kuma ba sifiri ba ne, IRS na ɓoye wuraren da takardunsu ba su kai 100 ba don kare sirrin mutane.

In wani ya kawo maka jerin sunaye da albashi da lambobin haraji na mutanen Kubwa ya ce ka loda wa wakilinka, tambaye shi daga hannun wa ya samo. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 na nan, kuma wanda ya loda shi ma za a nema. Ni irin wannan fayil ko buɗe shi ba na yi, jimillar alƙaluma marasa suna kaɗai nake karɓa.