Yadda ake auna gwarzon dambe kafin a ce an zuzuta shi: misalin Mike Tyson

A majalisun Zariya, daga teburin mai shayi a Samaru har bencin ƙofar shago a Sabon Gari, musun ƙwallo ne ya fi yawa. Amma duk ranar da aka taɓo damben Turawa, ba a jimawa sunan Mike Tyson zai fito, majalisa ta rabu biyu. Wasu su ce tun da aka fara ɗaura safar dambe ba a yi kamarsa ba, wasu su ce suna ne kawai, lagwada ya yi ta sha. Yawanci ana tashi babu kisa, domin kowa na kafa hujja da guntun bidiyon da ya gani a waya. Akwai hanyar da masu bin wannan wasa da gaske ke bi, kuma ba ta buƙatar komai sai takarda da biro, da data daidai gwargwado, da haƙurin kallon wasa daga turmin farko zuwa na ƙarshe.

Ku fara da tsayar da abin da ake musu a kai

"An zuzuta shi" magana ce mai baki uku. Ana nufin bai iya dambe ba? Ana nufin ya iya, amma bai kai sahun Muhammad Ali da Joe Louis ba? Ko kuwa ana tambayar wa zai kashe wani da a ce an haɗa su kowa yana kan ganiyarsa? Ta farko ba ta da tushe ga mutumin da ya ci kambun duniya na ajin masu nauyi yana da shekara 20, lokacin da ya kashe Trevor Berbick a turmi na biyu a watan Nuwamba 1986. Ta uku kuwa mafarki ce, kowa na da nasa. Ta biyu ce kaɗai ake iya aunawa, don haka a kanta za a tsaya. Idan wani dattijo a majalisar ya karkata zuwa ta uku, sai a ce masa, "Alhaji, a yi haƙuri mu gama wannan tukuna."

Ajiye jimillar nasarori a gefe

Tyson ya yi nasara sau 50, kuma 44 daga ciki kafin lokaci ya cika ya gama da abokin karawa. Wannan adadi ne ke fara ruɗin mutane. A 1985 kaɗai, shekararsa ta farko a damben kuɗi, ya yi wasa 15. Haka ake renon kowane sabon ɗan dambe mai alamar tashe: manajansa ya zaɓo masa waɗanda za su koya masa fage ba tare da sun ji masa ciwo ba. Ba abin kunya ba ne, amma ba a gina martaba a kai. Wanda ya san gidan damben gargajiya ya san bambancin kashe yaran da ake buɗe fili da su da kashe shagon wani ɓangare.

A ƙarshen rayuwar wasa ma haka abin yake. Kayen da ya sha a hannun Danny Williams a 2004 da Kevin McBride a 2005 na mutumin da ƙarfinsa ya ƙare ne. Wasan da ya yi da Jake Paul a 2024 yana da shekara 58, turmi takwas na minti bibbiyu, kada ma a kawo shi. Soke farkon, soke ƙarshen, a bar tsakiya.

Zana jadawalin mutum goma

Nan ne aikin yake. Ka ja layi biyar a takarda: sunan abokin karawa, shekarar wasan, shekarunsa a ranar, abin da ya yi kafin wasan, da abin da ya yi bayansa. Layin ƙarshen nan shi aka fi mantawa, alhali shi ke nuna ko mutumin yana da sauran ƙarfi a ranar ko kuwa gangarsa ta riga ta fashe. Sai ka cika da mutum goma mafi ƙarfi da gwarzon ya haɗu da su, har da waɗanda suka doke shi.

Ɗauki Larry Holmes. Masu kushe Tyson za su ce tsoho ne ɗan shekara 38, wanda ya kusa shekara biyu bai shiga fage ba, aka ɗauko shi a Janairun 1988 Tyson ya kashe shi a turmi na huɗu. Gaskiya ne. Amma cika layi na biyar: a 1992 Holmes ɗin nan ya doke Ray Mercer, sannan ya yi turmi 12 cif da Evander Holyfield. A duk tsawon wasanninsa, Tyson ne kaɗai ya taɓa gamawa da shi kafin lokaci. Saboda haka nasarar tana da daraja, ko da ba cikakkiya ba ce.

Michael Spinks ya fi wuyar aunawa. Ba a taɓa doke shi ba, ya ci Holmes sau biyu, a 1985 da 1986, kuma masana da yawa shi suke ɗauka a matsayin zakaran asali, wato wanda ya doke wanda ya riƙe kambun kafinsa. Tyson ya gama da shi cikin daƙiƙa 91 a watan Yunin 1988. Abin da za a rage shi ne Spinks daga ajin da ba ya wuce kilo 79 ya hauro, jikinsa ba na masu nauyi ba ne tun asali, kuma bai sake dambe ba bayan wannan dare, don haka layi na biyar ya zama fanko. Duk da haka ita ce nasarar Tyson mafi girma, kuma duk wanda ya raina ta bai yi adalci ba.

Tony Tucker, wanda shi ma ba a taɓa doke shi ba kafin haɗuwarsu a Agustan 1987, ya kai Tyson turmi 12. Razor Ruddock ya ba shi wuya sau biyu a 1991. Su James Smith, Pinklon Thomas, Tyrell Biggs da Frank Bruno ƙarfafa ne na zamaninsu, ba lagwada ba, sai dai babu wanda ke kawo sunansu idan ana lissafin manyan tarihi.

Sai manyan biyu na tsararsa, Holyfield da Lennox Lewis. Wasa uku, kaye uku. Holyfield ya tsayar da shi a turmi na 11 a Nuwamban 1996, a karo na biyu a Yunin 1997 aka kori Tyson a turmi na uku saboda cizon kunne, Lewis kuma ya kashe shi a turmi na takwas a 2002. Nan masoyansa ke cewa ai ya tsufa. Layi na uku zai amsa: an haifi Holyfield a 1962, Lewis a 1965, Tyson a 1966. Duk su biyun sun girme shi. Hasali ma a 1996 Holyfield ne ake ganin ya ƙare, bayan Riddick Bowe ya tsayar da shi a shekarar da ta gabata.

Kalli wasa uku cikakku, ka kashe murya

Zaɓi nasararsa mafi kyau, da wasan da ya ci da ƙyar, da wanda aka doke shi. Ga Tyson: Spinks, Tucker, da Buster Douglas wanda ya doke shi. Wasa mai turmi 12 na minti uku-uku, da hutun minti ɗaya tsakani, bai wuce minti 47 ba, sai ka sauke shi da dare lokacin da data ke araha. Rage murya gaba ɗaya, domin ihun 'yan kallo da zumuɗin mai sharhi suna sa naushin da ya sauka a kafaɗa ya zama kamar ya shiga.

Ka ba da maki da kanka kamar yadda alƙalai uku na gefen fage ke yi. Wanda ya fi a turmi ya sami 10, ɗayan 9. Idan an kai mutum ƙasa, yawanci 10 da 8 ne. Abin dubawa shi ne naushin da ya sauka da tsabta, da matsin da ya haifar da sakamako, da wanda ke juya wasan yadda yake so, da iya kare kai. Rubuta makin kowane turmi kafin na gaba ya fara, kada ka koma ka gyara.

Kuskuren da mu Hausawa muka fi yi a nan daga dambenmu ya samo asali. A gidan dambe, da hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an kashe ka, magana ta ƙare. A na Turawa kuwa faɗuwa maki ce kawai, matuƙar ka miƙe kafin alƙali ya ƙirga goma. Idon da ya saba jiran kisa ba ya ganin aikin hannun gaba, wannan ɗan naushin da ake zungurar fuska da shi turmi bayan turmi, alhali da shi Douglas ya kumbura idon Tyson a Tokyo a Fabrairun 1990, da shi kuma Lewis ya hana shi matsowa. Tyson gajere ne a ajinsa, tsawonsa wajen santimita 178, dole sai ya kutsa ciki yana kaɗa kai kafin ya yi ɓarna. Lura da kan nan nasa: a wasannin 1986 zuwa 1988 ba ya tsayawa wuri ɗaya, a Tokyo kuwa a tsaye yake yana neman naushi ɗaya.

Wasan Douglas zai kuma koya maka kada ka jingina da katin alƙalai. Bayan turmi tara da kusan duk mai kallo ya ga Douglas ne a gaba, alƙali ɗaya ne kawai ya ba shi, ɗaya ya ce kunnen doki, ɗaya ya ba Tyson.

Uzuri: a karɓa, amma da mudu ɗaya

Za a kawo su, kuma wasu na da nauyi. Cus D'Amato da ya rene shi ya rasu a 1985. An sallami mai horar da shi Kevin Rooney a 1988. A Tokyo mutanen kusurwarsa ba su zo da ƙarfen da ake danne kumburi da shi ba, sai safar roba suka cika da ruwan sanyi. Ya yi zaman kurkuku daga 1992 zuwa 1995 bayan kotu ta same shi da laifin fyaɗe, kuma wasan da aka shirya masa da Holyfield a 1991 ya rushe saboda ciwon haƙarƙari.

Ƙa'idar ita ce mudun da ka auna wa gwaninka, da shi za ka auna wa na wani. Douglas ya shiga fagen nan makonni kaɗan bayan rasuwar mahaifiyarsa. An hana Ali dambe daga 1967 zuwa 1970 saboda ya ƙi shiga soja, ya dawo ya kashe George Foreman a Kinshasa a 1974. Sannan a bambanta abin da ya faɗo wa mutum da abin da ya jawo wa kansa. Rashin atisaye da rashin kama kai suna cikin abin da ake aunawa, ba a cire su.

Batun cewa an ja ƙirga lokacin da Tyson ya kai Douglas ƙasa a turmi na takwas ba ya tsayawa. Ɗan dambe bakin alƙalin fage yake bi, ba agogo ba, kuma Douglas ya miƙe a tara.

Tambayoyi biyu na ƙarshe

Ya daɗe a sama? Tyson ya haɗa kambun hukumomin dambe na WBC da WBA da IBF a 1987, ya kare sarautarsa sau tara kafin Tokyo, shekara uku da 'yan watanni tun daga Nuwamban 1986. Holmes ya kare tasa sau 20, Joe Louis sau 25, daga 1937 zuwa 1949. A nan a yi hattara da kalmar "zakaran duniya" a zamanin yau, domin hukumomi huɗu ne ke raba kambu, har da WBO, kuma mutum na iya riƙe ɗaya shekaru bai haɗu da wanda ya fi kowa ba.

Ya taɓa rama kaye? Louis ya sha kashi a hannun Max Schmeling a 1936, ya rama a turmin farko a 1938. Ali ya rama a kan Joe Frazier da Ken Norton da Leon Spinks. Lewis ya rama a kan Oliver McCall da Hasim Rahman, mutum biyun da suka taɓa doke shi. Tyson bai rama ko ɗaya ba. A wurinmu wannan ya fi komai nauyi, domin a nan ake gane wanda ke iya sauya dabara idan tsoron da ake ji masa ya gushe.

Idan aka tara takardar, abin da ke fitowa shi ne Tyson na 1986 zuwa 1988 gwarzo ne na gaske, mai sauri da ƙarfin da ba a saba gani a haɗe ba, kuma ya share ajinsa tas. Wanda ya sa shi cikin manyan masu nauyi na tarihi yana da hujja. Wanda ya ɗora shi a kan Ali, Louis, Holmes, Lewis ko Holyfield ya zuzuta shi. Idan majalisa ta juya kan Anthony Joshua ko Deontay Wilder, sai a ja sabon layi biyar, a fara da Wladimir Klitschko a 2017 ga Joshua, a rubuta shekarunsa 41 a layi na uku.