Yadda ake gane dalilin da plaket ɗin birki ke cinyewa gefe ɗaya, da yadda ake gyarawa

Kusan kullum sai wani ya shigo gareji nan Garwa rai a ɓace, wai oga plaket ɗin da na sa wata uku da suka wuce har ya ƙare, mai shago ya cuce ni da jabu. Plaket dai shi ne abin da ke matse diski, wato faifan ƙarfen da ke juyawa tare da taya, in an taka birki, kowace taya tana da biyu. Wani lokacin maganar jabun gaskiya ce. Amma sau da yawa in muka kwance sai mu tarar ɗaya ya cinye har ƙarfe ya fito, ɗan'uwansa kuma kamar jiya aka sa shi, to in haka ne ka bar mai shago ya huta, ciwon yana jikin kalifa, wato ƙarfen da ke riƙe da plaket yana matse shi, wadda yaranmu ke ce wa etiriye. In ka sa sabo ba ka taɓa ta ba, wallahi kuɗinka ka zubar.

Da farko ka samu wuri mai daidai, ka sa dutse a bayan taya, ka ɗaga da jak sannan ka tokare motar da kututture mai ƙarfi, kar ka yarda da jak shi kaɗai. Kafin ka cire taya ka juya ta da hannu, ka je ɗaya gefen ma ka juya. Wadda ta yi nauyi ita ce ke riƙewa. Sai ka kwance gefen biyu duka, ka ciro plaket huɗun ka jera su a ƙasa yadda suke a mota, na ciki daban na waje daban, kar yaro ya haɗe maka su don su ne za su ba ka labari. Ita kalifar kuma ka rataye ta da waya, kar ka bar ta tana lilo a jikin tiyon man birki.

Yanzu ka duba. In na ciki ya fi cinyewa, ko dai fistin da ke tura plaket daga cikin kalifa ne ba ya komawa, ko kusoshin nan biyu da kalifa ke zamiya a kansu sun ƙame. In na waje ne ya ƙare, yawanci kusoshin ne. In kuma plaket ɗin ya ci a karkace, sama siriri ƙasa mai kauri kamar bakin gatari, to kusa ɗaya ce ta maƙale, ko kunnen plaket ɗin ya cije a mazauninsa saboda tsatsa. In taya ɗaya ce gaba ɗaya ta cinye nata biyun ɗayar kuma lafiya lau, ka zargi fistin ko tiyo.

Kusoshin nan su ne suka fi ba mu aiki a nan Arewa. Ƙurar hunturu ta shiga ta inda robar ta yage, damina ta zo mutum ya tsallaka mayo, wato kogi, da mota ruwa ya bi bayanta, shi ke nan giris ya koma kamar busasshen tuwo. Ka zaro su, ya kamata su fito da yatsa biyu, in sai da filaya to ka kama ɓarawon. Ka wanke su tas har cikin ramin, in tsatsa kaɗan ce ka goge da sanfefa mai laushi, in ta yi ramuka ka sayi wasu, robar da ta yage ma a canza. Giris kuma don Allah na silikon za ka sa, wannan baƙin da ake sa wa barin na taya yana kumbura roba, bayan wata biyu ka dawo gidan jiya. Mazaunin kunnen plaket ka kankare shi da burushin ƙarfe har sabon ya riƙa shiga da hannu ba da guduma ba.

Gwajin tiyo kuwa mai sauƙi ne, amma da yawa ba sa yi. Wani ya taka birki ya saki, in tayar ta riƙe sai ka ɗan buɗe ƙaramin notin fitar da iska da ke jikin kalifa. In man birki ya tsartu taya ta sake, tiyon ne ya lalace ta ciki, yana barin mai ya tafi ya hana shi dawowa, ko da a waje yana sheƙi. In ka buɗe ba ta sake ba, fistin ne, sai a canza robobinsa, in ya yi tsatsa a sauya kalifar. Ka lura, wasu motoci fistin ɗin baya murɗa shi ake yi saboda birkin hannu, in ka danna da ƙarfi ka kashe shi.

Diskin ma ka shafa shi. In ya yi kunya-kunya kamar gona zai cinye sabon plaket, kuma akwai iyakar kaurinsa a rubuce a jiki, in ya kai nan ba maganar gogewa. Plaket da ya sauko milimita 3 ya gama aiki, kuma dama da hagu tare ake canzawa, ni dai ba na sa wa mutum gefe ɗaya ko zai yi fushi ya tafi. Man birki DOT 3 ko DOT 4 yana shan danshi, shi ke sa fistin tsatsa, kuma masu saukowa gangaren Ngaundere da kaya sun san yadda tsohon mai ke tafasa feda ta tafi ƙasa, shi ya sa ake so duk shekara biyu a sauya. In ka taɓa tiyo ko kalifa dole a fitar da iska.

Bayan ka ɗaure komai, kafin ka sa giya ka taka feda sau da yawa har ta yi tauri. Ka fita hanya mara cunkoso ka yi ta rage gudu a hankali kamar sau goma don plaket ya zauna, sannan ka yi tafiyar kilomita biyar ka tsaya, ka kusantar da bayan hannunka ga kowace taya ba tare da ka taɓa diski ba. In ɗaya ta fi ɗaya zafi sosai ko tana ƙauri, a sake ɗaga motar.