Yadda Ake Ɗaukar Hoton Dogon Gini Ba Tare da Ya Kishingiɗa Ba

Duk mai ɗaukar hoto da ya taɓa tsayawa a gindin hasumiyar masallaci a Birnin Kebbi, ko gaban wani tsohon soro a Argungu, ya ɗaga kyamara domin zankwaye su shiga, ya san abin da ke biyo baya: bango yakan tsuke daga sama, ginin ya fito kamar zai faɗi ta baya. Dalili shi ne, da zarar bayan kyamara ya daina fuskantar bango a miƙe, layukan tsaye sai su kama hanyar haɗewa. Maganin wannan shi ne gilashin kyamara mai zamewa, wato wanda ake iya gusar da shi sama, ƙasa ko gefe ba tare da an karkata kyamarar ba, wanda kamfanin Nikon ya fara fitar da shi don ƙananan kyamarori a farkon shekarun 1960.

Sirrinsa yana cikin faɗin da'irar hasken da yake jefawa. Farantin da ke karɓar hoto, mai milimita 36 da 24, da'irar milimita 43 ta ishe shi, amma gilashin Canon TS-E 24mm na biyu yana jefa da'irar da ta kai kusan milimita 67, abin da ke ba da damar a zame shi har milimita 12. Ke nan saman ginin yana nan cikin da'irar tun farko, jawo shi kawai za a yi.

A fara da kafa kyamara bisa sanda mai ƙafa uku, a daidaita ta da ma'aunin ruwa irin na magina, ko wanda ke cikin kyamarar, har ta tsaya cak, babu karkata gaba ko gefe. A nan ne aikin yake, kuma a ganina wanda ya yi garaje a wannan mataki ya yi asarar kuɗin gilashinsa. A wannan tsayuwa za a ga ƙasa da yashi sun cinye rabin hoton, kan ginin kuma ya yanke. Kada wannan ya sa a taɓa kyamarar. A auna haske tun gilashin yana tsakiya, domin ma'aunin hasken kyamarori masu madubi a ciki yakan ruɗe bayan an zame shi, sannan a saita kaifin hoto da hannu, tunda irin waɗannan gilasai ba sa saita kansu. Daga nan sai a sassauta makullin da ke jikin gilashin, a murɗa ɗan notin da ke zame shi sama a hankali, ana kallon yashin yana sauka, zankwaye suna shigowa, sannan a ƙulle.

Idan an zame har ƙarshe kusurwoyi sukan yi duhu su rasa kaifi, don haka a tsuke ƙofar haske, wato kafar da haske ke bi cikin gilashin, zuwa lambar f/8 ko f/11. Gini mai tsawo ƙwarai kuwa, gara a bar masa 'yar tsukewar bango kaɗan daga sama, domin idan ya miƙe sarai ido yakan ga kamar samansa ya fi gindinsa faɗi.

Zamewa gefe ma tana da amfani. Idan turken wutar lantarki ya tare ƙofar zaure, a matsa dama taku biyu ko uku, kyamara na fuskantar bango kamar dā, sannan a zame gilashin hagu. Ƙofar za ta dawo tsakiya a miƙe, turken ya koma gefe.