Milin Wa Ake Nufi? Kurakuran da Aka Fi Yi da Kalmar Mil a Turkanci da Hausa

Duk wanda ya saba bin hanyar Katsina daga cikin Kano ya san Miltara, wanda yake bi ta Shika daga Zariya kuma ya san Milgoma. Kalmar mil ta zauna a bakinmu har ta zama sunan unguwa. Shi ya sa idan Bahaushe ya ci karo da ita a rubutun Turkanci, da harufanta uku daidai da namu, ba ya ko dakatawa, ya ɗauka ya riga ya gane. Ɗalibanmu da ke karatu a Istanbul da Ankara, da 'yan kasuwa masu sayo kayan gyaran mota, da masu fassara labaran Turkiyya zuwa Hausa, duk suna tuntuɓe a wannan wuri. Abin da ke damuna shi ne kuskuren ba ya nuna kansa. Jimla za ta fito sumul, adadi yana nan a rubuce, amma nisan da aka ba mai karatu ba shi ne na gaskiya ba.

Tushen matsalar ɗaya ne. Mil kamar mudu yake, kowace kasuwa da nata. Kafin ka juya shi zuwa kilomita, sai ka tambayi kanka milin wa ake nufi.

Mu fara da asali, domin a nan ma ana kuskure. Da yawa sun ɗauka Turawan Ingila ne suka ƙirƙiri kalmar, tunda daga wajensu muka ga ana kafa duwatsun mil a bakin titi. Kalmar ta girmi Ingilishi nesa ba kusa ba. Daga Latin ta fito, harshen Rumawa, inda mille passus ke nufin taki dubu. Takin Rumawa kuwa ba ɗaga ƙafa sau ɗaya ba ne. Ana ƙirgawa ne daga inda ƙafa ta tashi zuwa inda ita wannan ƙafar ta sake sauka, wato taki biyu a lissafinmu, ƙafa biyar a ma'auninsu. Milinsu ya zama ƙafa 5,000, kimanin mita 1,480. Daga wannan tushe kalmar ta bazu, ta shiga Larabci, ta shiga Ingilishi da Faransanci da Turkanci. A Istanbul, 'yan taku kaɗan daga masallacin Ayasofya, har yau akwai guntun dutsen da Turkawa ke kira Milyon Taşı, ragowar ginin ƙarni na 4 da ake fara auna nisan biranen daular Rumawan gabas daga gare shi.

Milin da muka gada daga Ingila daban yake da na Rumawa. Manoman Ingila suna da ma'aunin gona mai suna furlong, tsawon kunyar da shanun huɗa ke ja kafin su juya, ƙafa 660. A 1593, zamanin Sarauniya Elizabeth ta ɗaya, majalisar dokoki ta tsayar da mil a kan furlong 8, shi ya ba da ƙafa 5,280. A 1959 Amurka da Birtaniya da Kanada da Ostareliya da wasu ƙasashen suka daidaita yadi a kan mita 0.9144, mil ya tsaya a mita 1,609.344. Wannan shi Turkawa ke kira kara mili.

A nan akwai ƙaramin tarko. Kara a Turkanci tana nufin baƙi, kamar a Karadeniz, sunan Bahar Aswad. Tana kuma nufin tudu, kishiyar ruwa. Kara mili milin tudu ne, babu ruwansa da launi.

Kuskuren da ya fi kowanne nauyi shi ne haɗa milin tudu da na teku. Milin teku, deniz mili, mita 1,852 ne, kuma ba daga takin mutum aka samo shi ba, daga girman duniya aka samo shi. Idan aka raba da'irar duniya zuwa digiri 360, aka raba kowane digiri gida 60, gida ɗaya a kan layin da ya tashi daga kudu zuwa arewa shi ne kusan milin teku ɗaya. Abin da ya sa matuƙan jiragen ruwa da na sama suka riƙe shi ke nan, domin yana tafiya da taswira kai tsaye. An amince da adadin 1,852 a wani taron ƙasa da ƙasa a Monako a 1929.

Me ya sa wannan ya shafi mai karanta Turkanci musamman? Saboda Turkiyya ta koma tsarin mita da dokar awo ta 1931. Alamomin titi duk da kilomita suke, daga Istanbul zuwa Ankara za ka ga kimanin kilomita 450, ba wanda zai faɗa maka da mil. Ke nan idan jaridar Turkiyya ta rubuta mil tsurarta a maganar da ta shafi ƙasar, galibi ta teku ake nufi, kuma sau da yawa ba sa wahalar da kansu da ƙara deniz ɗin.

Dubi rikicin tekun Aegean, wanda Turkawa ke kira Ege. Turkiyya da Girka kowacce tana riƙe da mil 6 na ruwa daga gaɓarta a wannan teku. Yarjejeniyar dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta ba ƙasashe damar kaiwa mil 12. Girka ta shiga yarjejeniyar, Turkiyya ba ta shiga ba, kuma a watan Yunin 1995 majalisar dokokin Turkiyya ta bayyana cewa idan Girka ta faɗaɗa zuwa 12 a Ege, za ta ɗauki hakan a matsayin dalilin yaƙi. Dalilinsu shi ne tsibiran Girka sun yi yawa dab da gaɓar Turkiyya, faɗaɗawar za ta haɗiye akasarin hanyoyin jiragensu. To, mai fassara ya zo ya ɗauki 12 ya ninka da 1.6, ya rubuta wa masu karatu kilomita 19. Amsar gaskiya kilomita 22.2 ce. Ya zubar da kusan kilomita 3 a wurin da ƙasashe biyu suka daɗe suna zare wa juna ido a kan kowane taku na ruwa. Idan maganar ta koma kan yankin tattalin arziki na mil 200, inda ake jayayya a kan kifi da iskar gas, giɓin ya kai kilomita 48, domin 370 ne daidai, shi kuma zai rubuta 322. A ganina wannan ya wuce ƙaramin kuskure, domin mai sauraro ya dogara da kai ne ya fahimci abin da ake rigima a kansa.

Wani abu ya ƙara rikita lamarin. Sunan wannan ruwa na gaɓar ƙasa a Turkanci karasuları, ga kara nan a farkonsa, sai mutum ya zaci da milin tudu ake auna shi. Ba haka ba ne. Duk awon da aka yi a kan ruwa, milin teku ne: ninka da 1.852.

Gudun jirgin ruwa ma haka. Knot ɗaya shi ne milin teku ɗaya a sa'a. Sunan ya samo asali daga igiya mai ƙulle-ƙulle da matuƙan da ke sakewa a bayan jirgi suna ƙirga ƙullin da ya wuce ta hannunsu cikin ƙayyadadden lokaci. Tunda sa'ar tana cikin kalmar, kada ka ce knot 10 a sa'a. Knot 10 kawai, kuma shi ne iyakar gudun da dokar Turkiyya ta sa wa manyan jiragen da ke ratsa mashigin Bosfor na Istanbul, wato kilomita 18.5 a sa'a.

Sai rubutun adadi, wanda ke kayar da hatta waɗanda suka san duk abin da na faɗa. Turkawa suna sa ɗigo a inda mu a Najeriya muke sa waƙafi, suna sa waƙafi a inda muke sa ɗigo. Idan ka ga 1.852 metre, mita dubu ɗaya da ɗari takwas da hamsin da biyu ake nufi, ba mita ɗaya da 'yan kai ba. Idan ka ga 1,6 kilometre, kilomita ɗaya da ɗigo shida ne. 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi da suka yi boko da Faransanci sun saba da waƙafin, su nasu tarkon daban ne: mille a Faransanci dubu ce, kuma ita ce mil, alhali dubu a Turkanci bin ake cewa.

Nahawun kalmar ba shi da wahala, abu biyu kawai za ka kiyaye. Bayan adadi ba a yi mata jam'i, on mil ake cewa, mil goma, ba on miller ba. Sannan idan ka ga mile a cikin jimlar Turkanci, ba kalmar Ingilishi ba ce ta kutso. Mil ce aka liƙa mata e mai ma'anar zuwa, ana furta ta mi-le. 12 mile çıkarmak na nufin ɗagawa zuwa mil 12, kuma za ka yi ta ganinta a kanun labarai.

Yanzu ga inda ɗan kasuwa ke shiga uku. Ba kowace mil ce ma'aunin nisa a Turkanci ba. Ƙamusun hukumar harshen Turkanci, Türk Dil Kurumu, ya raba ta gida uku. Ban da ma'auni, mil siririn sandan ƙarfe ne. A Larabci ma ana kiran ɗan sandan da ake zizara kwalli da shi da wannan suna. A garejin Turkiyya krank mili shi ne karanshaf, eksantrik mili kuma kamshaf. Wanda aka aiko wa takardar kaya ya ga 20 mil a layin kayan inji, sanduna ashirin aka lissafa masa. Daga wannan ma'ana aka samu gözüne mil çekmek, makantar da mutum da ƙarfe mai zafi, hukuncin da ake yi wa masu neman sarauta a zamanin da, kuma za ka ji shi a fina-finan tarihi. Ma'ana ta uku laka ce mai laushi da ambaliya ke bari bayan ruwa ya janye. Idan labarin ambaliya ya ce mil ya rufe gonaki, laka ce ta binne amfanin mutane.

Akwai kuma milin fasinjojin jirgin sama, irin na tsarin Miles&Smiles na Turkish Airlines. Wannan maki ne da ake tarawa, yawansa ya danganta da irin tikitin da ka saya, kada ka auna tafiyarka da shi.

Akwai wani mil da ya fi kusa da mu, na littattafan fiƙihu. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya san cewa tafiyar ƙasaru baridi 4 ce, mil 48. Baridi farsakhi 4 ne, farsakhi kuma mil 3. Kuskuren da ake yi shi ne a ɗauki 48 a ninka da milin Ingila, a ce kilomita 77. Littafin an rubuta shi a ƙarni na 10, shekaru ɗaruruwa kafin majalisar Ingila ta tsayar da nata milin. Malaman fiƙihu da zira'i suke auna mil, abin da muke kira kamu, kuma sun saɓa a kan yawansa. Daga cikin Malikawa akwai masu cewa 2,000, Ibn Abdil Barr ya inganta 3,500. Shi ya sa ƙiyasin malaman zamani ya fi yawa tsakanin kilomita 80 da 89. Ɗalibin da ya je Turkiyya zai tarar hukumar addininsu, Diyanet, tana cewa kilomita 90, bisa mazhabar Hanafiyya. Kowanne da hanyar lissafinsa, kuma wannan magana ce ta a koma wurin malami, ba ta na'urar lissafi a waya ba.

Wannan ruɗani tsakanin milin Larabawa da na Turai ya taɓa canza tarihi. Masanin taurari Al-Farghani, a ƙarni na 9, ya rubuta cewa digiri ɗaya na duniya mil 56 ne da biyu bisa uku. Da milin Larabawa, wanda ya kusa kilomita 2, lissafin ya yi kusa da gaskiya ƙwarai. Matuƙin jirgin ruwa Kolumbus ya ɗauki adadin ya auna da gajeren milin Rumawa, sai duniya ta ragu a takardarsa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Wannan na cikin abin da ya sa ya tasam ma yamma a 1492 yana ganin Asiya tana kusa.

Masu sayen motocin da aka shigo da su daga Amurka su ma su lura. Agogon irin waɗannan motoci da mil yake ƙirgawa. Motar da ta nuna 100,000 ta ci kilomita kusan 161,000, kuma allurar gudu a kan 60 tana nufin kusan kilomita 97 a sa'a. A duba ko mph aka rubuta ko km/h kafin a yi ciniki, kafin kuma a taka totur. Wanda hanya ta kai shi Suwidin ko Norwe kuwa, mil a bakinsu kilomita 10 ne cur.

A salon magana, kada a ɗauko karin maganar Ingilishi mai mil a dasa shi a Turkanci. Muhimmin mataki a tarihin wani abu Turkawa kilometre taşı suke ce masa, dutsen kilomita, ko dönüm noktası, wurin juyawa. Idan suna son nuna cewa abu ya yi wa wani fintinkau, tsohon ma'aunin Daular Usmaniyya ta Turkawa suke jawowa, su ce fersah fersah, wato farsakhin nan da ke cikin Risala.