Kurakuran da malamai ke maimaitawa wajen koyar da lissafi ta hanyar bincike

Kuskuren da ke kashe darasi tun ba a fara ba shi ne malami ya riga yara faɗin amsa. Ya raba zare da rula, ya ce a auna murfin tukunya da faranti da gwangwanin madara, alhali ya riga ya rubuta 3.14 a allo, wato amsar da ake samu in an raba kewayen da'ira da faɗinta. To me ya rage a bincika? Yaro zai yi ta ja da sassauta zare har lissafinsa ya dace da na malam. Bar allon nan fanko. Kowane rukuni ya auna kewayen abubuwa biyar da faɗinsu ta tsakiya, ya raba kewaye da faɗi. Wannan zai samu 3.0, wancan 3.2, wani ma 3.3. Don Allah kada ka sa musu jan biro. Tambaye su me ya sa babba da ƙarami duk suka tsaya kusa da uku, kuma daga ina bambancin ya fito. Da kansu za su gano zaren yana miƙewa, kuma ba kowa ne ya ratsa tsakiyar da'irar daidai ba. Sai a ƙarshe ka faɗi sunan lambar, wato pi (π).

Awon tsayin bishiya da inuwa ma ana ɓata shi. Sanda mai mita 1 ta ba da inuwar santimita 80, inuwar darbejiya ta kai mita 6.4, tsayinta mita 8 ke nan. Amma sai an auna inuwoyin biyu lokaci guda, a ƙasa mai daidai. Wanda ya auna sanda ƙarfe 9, bishiya ƙarfe 11, ya yi aikin banza, domin rana ta gusa. A guji tsakar rana, inuwa ta yi gajarta.

Kada ka shiga fannin wani ba sallama. In za ka koyar da kaso ta rabon gado, fara zama da malamin addini. A gadon naira 240,000, idan mamaci ya bar ɗa, matarsa na da tumuni (ɗaya bisa takwas), wato 30,000, uwarsa sudusi (ɗaya bisa shida), 40,000. Bari yara su lalubo abin da ya sa 24 ke sauƙaƙa wannan rabo.

Rukuni kada ya wuce yara biyar, in ba haka ba biyu ne za su yi aiki.

Kada a haɗa taku da santimita a jadawali ɗaya.

A ware minti goma na ƙarshe, kowa ya rubuta ƙa'idar da aka gano da kalmominsa.